Tatsuniyar da Ba Ta da Ƙurunƙus

Kakanninmu ba su taɓa haramta tatsuniya ba, lokaci suka yanka mata. Sai an ci tuwon dare, an kau da kwanuka, an ɗaure awaki, sannan tsohuwa za ta tara jikoki ta kwance bakin jakarta. Yaron da ya nace a yi masa tatsuniya da rana kuwa, sai a tsorata shi da cewa zai ɓace a kasuwa. Kowane mai hankali ya san babu abin da ya haɗa labarin Gizo da Ƙoƙi da ɓatan kai a kasuwa. Abin da ake gudu shi ne kada daɗin labari ya cinye lokacin ɗebo ruwa da kiwo da zuwa makarantar allo. Bayan wannan kuma, kowace tatsuniya, komai tsawonta, tana da inda take tsayawa. Da zarar mai ba da ita ya ce ƙurunƙus, magana ta ƙare, ko da idon yara bai rufe ba, dole kowa ya nemi makwancinsa. Ashe ke nan shinge biyu aka yi wa nishaɗi, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, wato lokacin farawa da lokacin tsayawa.

Waɗannan shingaye biyu su ne suka rushe a zamaninmu, kuma a kansu muke son mu ja hankalin 'yan'uwa malamai da ɗalibai. Duk wanda ya fara kiran intanet da sunan yanar gizo, Allah ya ba shi basira, domin kuwa Gizo ne ya dawo mana ta wata ƙofa, da wayonsa da zaƙin bakinsa, sai dai wannan karon tatsuniyarsa ba ta jiran dare, ba ta kuma da ƙurunƙus. Tana cikin aljihu, tana kan teburin ofis, tana ƙarƙashin benci a ɗakin lacca, tana ƙarƙashin matashin kai. Iƙirarinmu a wannan maƙala shi ne, ɓarnar lokacin da ake yi a shafukan Facebook da TikTok da YouTube da makamantansu ta wuce a kira ta lalacin yaran zamani a wuce wurin, kuma tsinuwa da wa'azi ba za su magance ta ba. Abin da aka rushe da gangan, da gangan ake sake gina shi, kuma ginin shinge aikin gayya ne.

Garinmu na Minna ya fi garuruwa da yawa cancantar ya damu da wannan batu. Tun da ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976, ma'aikata da ɗalibai ne ƙashin bayansa. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, da harabarta ta Bosso da ta Gidan Kwano. Ga Kwalejin Ilimi ta jiha, ga hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO da aka kafa a 1999, ga ma'aikatun gwamnati birjik. Ba mu da kasuwar da ta kai Kurmi ko Kwari, ba mu da manyan masana'antu. Abin da yawancinmu muke ci da shi, tun daga Chanchaga har Bosso, shi ne natsuwar ƙwaƙwalwa: karanta fayil, duba takardar jarrabawa, warware lissafi, rubuta rahoto. Garin da jarinsa hankali ne, in aka yi awon gaba da hankalin, rumbunsa aka fasa, ko da kuwa ba a ga ɓarawo ya haura katanga ba.

Ƙasar nan kuma ta alƙalami ce. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, a nan aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya ci kyautar Booker a 1991. Marigayi Abubakar Gimba, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ya yi rubuce-rubucensa ne alhali yana riƙe da manyan muƙamai a gwamnati da banki, ranarsa kuma ba ta fi tamu yawan awoyi ba. Sai uwa uba Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911. A 1936 aka ɗauko shi daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya zauna kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, da hannu, babu kwamfuta, babu na'urar da za ta gyara masa kuskure. Yau ɗalibin ajin ƙarshe yakan kwashe shekara guda cur yana kai gwauro yana kai mari a kan kundin shafi sittin, ga kwamfuta a gabansa, ga littattafan duniya a tafin hannunsa. Ba za mu ce Imam ya fi kowa a cikinsu kaifin basira ba, don akwai haziƙai a cikin yaranmu. Abin da yake da shi wanda suka rasa shi ne yini mai ɗorewa, wanda babu mai tsinka masa shi sau ɗari kafin azahar.

Tun da mun ambaci Magana Jari Ce, akwai abin lura a cikin littafi na ɗaya. Da labari aku ya riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman, dare bayan dare, ya hana shi fita, har ya tsira daga makircin Waziri. Imam ya san sarai cewa labari igiya ne, yana ɗaure mutum a wuri guda ya mantar da shi abin da ya tashi yi. Sa'ar Musa ita ce akun nasa na gida ne, mai son sa da alheri. Akun da ke cikin aljihunmu ya fi wancan iya baki nesa ba kusa ba, amma ya kamata mu tambayi kanmu wane ne ubangidansa, kuma me yake so da zamanmu.

Amsar ba a ɓoye take ba. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga kusan dala biliyan 135, kuma sama da kashi 97 cikin ɗari na wannan kuɗi daga talla ya fito. Mai talla kuwa ido yake saye. Gwargwadon daɗewarka kana kallo, gwargwadon tallan da za a nuna maka, gwargwadon abin da zai shiga aljihunsu. Saboda haka duk wata ƙofa da mutum zai iya fita ta cikinta sai da aka bi aka toshe. A da, shafin intanet yana da ƙarshe kamar shafin jarida, in ka kai ƙasa sai ka yanke shawara ko za ka buɗe na gaba. A 2006 wani matashin injiniya a Amurka mai suna Aza Raskin ya fito da dabarar da ta kawar da wannan ƙarshe, ta yadda kana jan shafi sama wani yana ɓullowa daga ƙasa har abada. Daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama a kan abin da aka mai da dabarar tasa. Haka ma bidiyo, ɗaya na ƙarewa wani ya fara ba tare da ka nema ba. A 2017 Sean Parker, wanda shi ne shugaban kamfanin Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a cewa tun farko tambayar da suka sa a gaba ita ce yadda za su cinye iyakar abin da za su iya na lokaci da hankalin mutane, kuma sun yi amfani da raunin da ke cikin ɗabi'ar ɗan Adam suna sane.

Wannan rauni kuwa an daɗe da gano shi. Masanin halayyar nan na Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya nuna da tattabaru da ɓeraye cewa dabbar da ake ba lada a kan kari takan huta in ta ƙoshi, amma wadda ba ta san yaushe ladan zai zo ba, sai ta yi ta saran maɓalli ba ji ba gani. A kan wannan aka gina caca, a kansa kuma aka gina jan shafi da babban yatsa. Hotuna tara na shirme ne, na goma ya ba ka dariya, sai ka ci gaba da nema ko na sha ɗaya zai fi shi. To, wanda ya ce wa yaro ɗan shekara goma sha tara ya yi ta maza kawai ya daure, ya sani cewa ya tura shi dambe ne da dubban injiniyoyi da ake biya albashi mai tsoka don su kā da shi. Ba mu ce yaron ba shi da laifi ba. Cewa muka yi ba a yi adalci ba in aka ɗora masa laifin duka aka koma gefe ana tafa hannu.

Bari mu yi ɗan lissafi, wanda kowa zai iya yi da kansa. A ce mutum yana kashe awa 3 a rana a waɗannan shafuka, ban da abin da ya shafi karatunsa ko sana'arsa. A mako ya kashe awa 21, a shekara awa 1,095, wato kwana 45 da ɗoriya, dare da rana ba barci. In aka auna da yinin ma'aikaci na awa 8, ya kai kusan yini 137. A shekara huɗu na karatun digiri kuwa, rabin shekara ke nan cif. Mun ga yadda hankalin kowa ya tashi a 2022 da yajin aikin malaman jami'a ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, iyaye na kuka, ɗalibai na zanga-zanga, an ce an cuci rayuwar yara. Gaskiya ne an yi asara. Amma ga wani yajin da ɗalibi yake yi wa kansa kullum, a ɓoye, da kuɗin datarsa, babu mai yi masa zanga-zanga. Wanda yake ganin awa 3 ƙari ne, ya buɗe wayarsa ya duba, tun 2018 wayoyin Android da iPhone suke ɗauke da ma'aunin da ke nuna awoyin da aka yi a kan kowace manhaja. Sai dai ya duba shi kaɗai, don kada ya ji kunya a gaban mutane.

Duk da haka, awoyin da suka tafi ba su ne babbar asarar ba. Babbar asarar tana cikin awoyin da suka rage, waɗanda aka yayyanka har ba su da sauran amfani. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta kwashe kusan shekara ashirin tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci yake tsayawa a kan abu guda a fuskar kwamfuta kafin ya juya ga wani. A 2004 ta samu kimanin minti biyu da rabi. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A 'yan shekarun baya ya koma kimanin daƙiƙa 47. Wata masaniyar, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, hankalinsa ba ya biyo shi gaba ɗaya, wani ɓangare yakan maƙale a wancan na baya. A 2017 kuma Adrian Ward da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da ɗalibai, inda waɗanda aka ajiye wayarsu a wani ɗaki suka fi waɗanda tasu take kan tebur ƙoƙari, ko da kuwa a kife take ba ta yi ƙara ba. Matan gida sun riga masana sanin wannan. Tukunyar da ake janye wa itace kowane minti ba ta tafasa, ko da za ta yini a kan murhu. Ɗalibi yakan ce ya yi awa biyar a laburare, kuma bai yi ƙarya ba, jikinsa ya yi. In ka tambaye shi abin da ya karanta sai ka tarar ruwan ko ɗumi bai yi ba.

Mu malaman adabi mun fi kowa ganin alamar. Waƙar Aƙilu Aliyu ko ta Mu'azu Haɗeja ba ta buɗe wa mai gaggawa. Sai an karanta baiti, an maimaita, an saurari karinsa, an koma baya an ga yadda ya ɗauru da na gabansa. Ƙagaggen labari mai shafi ɗari biyu yana bukatar mutum ya riƙe zaren tun daga farko har ƙarshe. Abin da muke gani yanzu a takardun jarrabawa shi ne amsoshi guntu-guntu, kowace jimla tana tsaye ita kaɗai kamar saƙon waya, babu wadda ta san 'yar'uwarta. Ɗalibi ya san sunan tauraro, ya san jigo don an taƙaita masa, amma ka ce ya bi hujja ɗaya ta shafi biyu ba tare da ya saki ba, sai ido ya raina fata.

Mun san za a ce mana ai wannan tsohon kuka ne. A shekarun 1990 ma haka aka yi ta kururuwa a kan littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu. An ce littattafan suna hana 'yanmata karatu, suna sa tuwo ya ƙone. Da finafinan bidiyo suka zo aka koma kansu. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano. Ga shi duniya ba ta tashi ba, hasali ma littattafan da aka tsine wa su ne suka koya wa dubban mata karatun Hausa, yau kuma ana rubuta kundin digiri a kansu. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ita ce dalilin da ya sa ba ma cikin masu tsinuwa. Amma akwai bambancin da masu kawo ta suke tsallakewa. In da So da Ƙauna yana da shafin ƙarshe. Kaset ɗin bidiyo yakan ƙare, a mai da shi shagon haya. Gidan talbijin na NTA a wancan zamani sai da la'asar yake buɗewa, tsakar dare ya sa taken ƙasa ya rufe, ko kana so ko ba ka so. Yarinyar da ta ɓoye littafi a cikin hijabi kuwa, karatu take yi, tana bin labari ɗaya na tsawon awoyi, wato tana horar da irin natsuwar nan da muke kukan rashinta yau. Littafi bai taɓa nazarin mai karanta shi ba, bai san abin da ya fi ɗauke masa hankali ba balle ya ƙaro masa irinsa. Shafukan yau suna yin haka kowace daƙiƙa.

Za a kuma ce mana waya ita ce kasuwa, ita ce makaranta. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya tuna zamanin da ake bin layi a ofishin NITEL don a buga waya Kaduna, kafin wayar salula ta shigo a 2001, ba zai yi fatan a koma ba. Akwai ɗalibai mata da ke biyan kuɗin makaranta da cinikin atamfa da turare ta WhatsApp. Akwai masu koyon lissafi da gyaran inji a YouTube. Marubuta mata da yawa ta waya suke fitar da labaransu, ta nan kuma suke aika wa gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Sai dai mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya: cikin awoyin nan da ma'auni ya nuna, nawa ne na ciniki da darasi, nawa ne na kallon faɗan 'yan fim, da rigimar malamai, da cacar ƙwallo, da raye-rayen mutanen da ba mu sani ba, ba su san mu ba? Ɗan kasuwar kirki yakan je kasuwa ya sayar ya dawo gida. Wanda ya yini a can yana kallon masu wasa da kura, ba za a kira shi ɗan kasuwa ba don kawai a kasuwa ya yini. Abin takaici ma, a jihar da take da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, wutar lantarki sai an yi sa'a. Ɗalibi zai biya kuɗi a yi masa caji a shago, ya sayi data da ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sa'an nan ya ƙarar da duka biyun a kan abin da ba zai tuna ba gobe da safe.

Masu cewa a rufe shafukan kawai a huta, su ma ba mu tare da su. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bisa dalilan da ba su shafi karatu ba, kuma kowa ya ga yadda cikin kwana ɗaya matasa suka koyi zagayawa ta bayan gida. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, wannan kuwa daidai ne ga yara, amma ɗalibin jami'a da ma'aikacin gwamnati ba yara ba ne. Dokar da aka ɗora wa baligi daga sama ba tare da ya yarda da ita ba, wayon karya ta kawai take koya masa.

Yanzu sai mu juyo gida, domin in za a yi wanka ba a ɓoye cibi. Yawancin masu yi wa ɗalibai faɗa a kan waya su ne suke ɗaure su da ita. Malami zai ɗage lacca da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta zauren WhatsApp, ya sauya ɗakin gwaji saura minti ashirin, ya turo aikin gida ranar Asabar da tsakar rana. Ɗalibin da ya kashe datarsa don ya yi karatu shi ne zai wayi gari ya tarar an yi gwaji ba shi. To, wace natsuwa muke nema daga wanda muka tilasta wa leƙa waya kowane minti goma? Kuma kowa ya sani, wanda ya shiga duba sanarwa ɗaya ba ya fitowa da ita kaɗai. Haka abin yake a taron ma'aikata: ana tattauna makomar ɗalibi, rabin mahalarta kansu a sunkuye, in an zo yanke hukunci a ce a maimaita abin da aka faɗa. A ofisoshi kuwa abin ya fi ciwo. Dattijo zai taso tun asuba daga Kontagora ko Bida a kan takardar fanshonsa, ya tsaya a gaban tebur, wanda zai sa hannu yana murmushi shi kaɗai da abin da ke tafin hannunsa, daga ƙarshe a ce ya dawo gobe. Mun san albashi ba ya kai wata, mun san akwai ofisoshin da babu wuta babu takarda, har babu aikin ma. Amma dattijon nan ba shi ya jawo ba, kuma lokacin da ake kallon bidiyo da shi, an riga an sayar wa jama'a shi.

Hujjarmu mafi ƙarfi a kan cewa gyara mai yiwuwa ne tana cikin masallaci. Babu ɗan sanda a ƙofa, babu tara, amma da an tā da iƙama kowa yakan kashe wayarsa ko ya rufe mata baki, wanda tasa ta yi ƙara a sahu kuwa shi ya san irin kunyar da yake ji. Mutumin da ake cewa ba zai iya minti biyar ba tare da waya ba, ga shi yana yi sau biyar a rana, don jama'a sun haɗu a kan cewa wannan wuri da wannan lokaci ba nata ba ne. Addinin da ya koya mana haka shi ne ya gargaɗe mu cewa lafiya da sarari ni'imomi ne biyu da yawancin mutane suke tafka asara a kansu. Manoman ƙasar Hausa su ma da nasu tsarin: safiya har azahar ta gandu ce, sai an tashi daga nan kowa ya nufi gayaunarsa. Turawa suna ta sayar da littattafai a kan dabarar wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, wanda ya riƙa aiki minti 25 yana hutawa biyar da agogon kicin, alhali mu an riga an yanka mana yini tun daga asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, har lisha.

Saboda haka abin da muke kira gare shi ba shi da tsada. Kowane sashe ya tsai da lokaci guda na fitar da sanarwa, a ce ƙarfe biyu na rana, duk abin da bai fito a lokacin ba kada a kama ɗalibi da shi, kuma allon sanarwa na bango ya dawo bakin aikinsa. Zauren aji a rufe shi ta yadda wakilin aji da malami kaɗai za su iya rubutu, masu barkwanci su buɗe nasu daban. A taron ma'aikata shugaba ya fara ajiye tasa wayar a aljihun tebur kafin ya nemi wani ya ajiye. Shi kuma ɗalibi ya ɗauki daga asuba zuwa azahar a matsayin gandu: abin da zai karanta ya sauke shi tun dare, ya kashe data, ya sa wayar a jaka ko ya bar ta a ɗaki, tun da an nuna cewa kifa ta a kan tebur bai isa ba. Ƙararrawar manhajoji a kashe ta duka ban da kira, domin mai neman ka da gaggawa kira zai yi. Bayan la'asar, gayaunarsa ce, ya kalli abin da ya ga dama, amma ya yanka wa kansa lokacin tashi tun kafin ya zauna, ya kuma gaya wa abokin ɗakinsa don ya zama shaida.

Ga Ƙungiyar Hausa kuma muna da shawara ta musamman. A ware awa ɗaya da rabi kowace Laraba bayan la'asar, a sami aji guda, a ajiye kwando a bakin ƙofa, duk mai shiga, malami ne ko ɗalibi, ya sa wayarsa a ciki. Awa ɗaya kowa ya karanta littafin da aka zaɓa shiru, rabin awa a tattauna. A fara da Ruwan Bagaja, don gajere ne, zama biyu ya ishe shi, sa'an nan a wuce zuwa Shaihu Umar da Ganɗoki. Sakataren ƙungiya ya riƙa rubuta yawan masu zuwa da shafukan da aka karanta kowane mako, a kawo wa editocin wannan mujalla su buga a fitowa ta baɗi.